Shekara Biyu Ina Bautar Kumandan

Ranar kasuwar Buza ce, bayan an gama ɗaurin gero an kai rumbu, a shekarar da na shiga aji na biyar a lakwal, makarantar bokon garinmu. La'asar ta yi, ni da Inna muna tsakar gida muna surfen geron tuwo, sai muka ji yaran unguwa sun ɗauki sowa a bakin garka, ƙofar gidanmu. Tun da asuba kakana, Malam Arzika, ya kama hanyar kasuwa da ɗan bijimin da muka yi shekara biyu muna kiwo, a kan zai sayar ya sayo mana jaki ƙaƙƙarfa wanda zai riƙa ɗauko ruwa daga rijiyar fadama, wuyan Inna ya huta da tulu. Inna har ta share wurin da za a kafa turke. Da na leƙa sai ga Kaka tafe a ƙasa yana dogara sandarsa, bayansa kuma wani doki hurde mai ɗigo-ɗigon fari da ruwan toka, dogo, ramamme, kunnensa ɗaya a tsage, yana tafiya yana ƙare wa gidajen mutane kallo kamar wanda gwamnati ta turo duba gari. Bai jira an yi masa iso ba. Ya ratsa zaure, ya jawo Kaka har tsakar gida, ya zura kai cikin turmi ya hau cin abincinmu. Inna ta tsaya da taɓarya a sama, ta kasa sauke ta.

"Baba, ina jakin?" in ji ta, da muryar nan ta suruka wadda ranta ya ɓaci amma kunya ta hana ta faɗa.

"Wanga ya hi jaki goma," in ji Kaka.

"To shina ɗaukar ruwa?"

"Haba ɗiyata! Wa ka aza ma doki tulu?"

A daren nan, da fura muka kwana.

A garinmu, can cikin kwarin da ke tsakanin duwatsu kafin ka isa Deule, da an gama aikin gona maza sai su watse cin rani. Babana da yayyena biyu sun tafi Abija mako guda kafin wannan kasuwa, ba kuma za su dawo ba sai ruwan shuka. Gidan ya rage daga Kaka sai Inna sai ni da ƙanwata ta goye. Kaka kuwa yana ta fara rufe masa idanu, abin da yake gani bai wuce inuwar mutum ba, gwiwoyinsa kuma sun gaji da hawan dutse. Shi mutum ne da ba ya iya jin an yi mutuwa ko suna a wani gari ya zauna, amma shekarar nan ya rasa gaisuwa har uku saboda ƙafa, abin kuma ya ci masa rai fiye da yadda muka sani. Daga baya ya gaya mini cewa da ya tsaya a wurin masu jakai sai ya ji haniniyar dokin nan daga nesa, bai ƙara bi ta kan jaki ba. "Ƙahwa na sayo, Hasiya," haka ya ce mini. To ƙafar ta zo, amma wa zai yi mata hidima? Tsoho ba ya gani, Inna ta rantse ba za ta ko kalli inda dabbar take ba, don haka aiki ya faɗo kaina, ni ɗiya mace mai shekara goma sha ɗaya, wadda ko akuya ba ta cika son ta taɓa ba. Inna ce ta raɗa masa suna. Ta ce tun da ba ya aikin komai sai dai a yi masa, kowa kuma yana tsoronsa, ai Kumandan ne aka kawo mana. Sunan ya bi shi har garuruwan maƙwabta.

Kafin rana ta fito na share bargarsa, na kwashe kashi a tsohuwar tasa na kai juji don taki, na ɗebe jiƙaƙƙiyar ƙasa na zuba busasshen rairayi, domin Kaka ya ce kofaton da ya kwana cikin fitsari ruɓewa yake yi. Sannan in dama dusa da ɗan gishiri, in sauko da harawar wake daga kan rumfa, in kakkaɓe ta sarai. Wannan duk mai sauƙi ne. Ruwa shi ne azabar. Kumandan ba ya shan ruwa a bokitin roba, ko an kwana ana roƙonsa. Sai a kwatarniyar ƙasa. Idan akuya ta riga shi sa baki, ya fasa. Idan ya ga tsinke ɗaya yana yawo a kai, zai hura hanci, ya dube ni, ya sa kofato a hankali ya kifar da kwatarniyar, ruwan da na ɗauko tun daga fadama ya bi ƙasa ina kallo. Rijiyar nan tana da nisa, tana kuma da zurfin da in ka saki guga sai ka yi salati kafin ka ji ƙarar faɗawarta. Dabbar da aka yi niyyar ta rage mana ɗaukar ruwa sai ga shi ta ninka shi. Sau biyu nake zuwa kafin lakwal, wuyana yana ciwo, zanena a jiƙe, matan da ke bakin rijiya suna tambayata wai Kumandan ya tashi lafiya, ko akwai wani sabon umurni.

Ba ƙullin da ba ya kwancewa. Kaka ya koya mini ɗauri iri huɗu, yana riƙe da hannuwana yana bi da yatsuna cikin igiya, amma kowane ɗauri kwana biyu yake yi Kumandan ya gano bakin zarensa. Yakan tsaya ya zuba wa hannuna ido lokacin da nake ɗaurawa, in na juya baya ya sa leɓe da haƙori ya yi ta taɓawa har igiya ta faɗi. Ya ci albasar da maƙwabcinmu ya shanya. Ya tauna gefen zanen Inna na zuwa biki. Wata safiya na ajiye jakar lakwal a kan turmi na shiga ɗaki neman kallabi, kafin in fito ya zaro kayena na lissafi, littafin da na kwana biyu ina cika shi da aikin gida, ya cinye rabi yana lumshe ido. Da na gaya wa malaminmu Mushe Isaka, don Mushe muke ce wa malamin lakwal, cewa doki ne ya ci, yara suka fashe da dariya, shi kuma ya ce a shekarunsa na koyarwa an sha kawo masa akuya da gara da ruwan sama, amma doki yau ne farko. Bulala biyar na sha, biyu na aikin, uku na ƙarya.

Ba a yi mako biyu ba gaskiyata ta fito, ko da yake da na san yadda za ta fito da na gwammace a ci gaba da ce mini maƙaryaciya. Ajinmu rumfa ce ta karan dawa da zana, wadda iyaye suke ginawa duk shekara bayan girbi. Muna tsakiyar karatu, Mushe yana rubutu a tabulo, allon aji, sai muka ji ƙurus-ƙurus daga bayan aji. Haske ya fara shigowa ta inda babu taga. Can sai ga dogon kai ya ɓullo ta bango, bakinsa cike da zana, kunne ɗaya a tsage, yana duban layin yara ɗaya bayan ɗaya har ya gano ni, ya yi wata ƙaramar haniniya ta wanda ya ce ashe nan kike. Na manta ban ba shi 'ya'yan gawon da ya saba samu da safe ba, shi ne ya biyo sawu. Aji ya watse, ƙanana suna kuka, manya suna birgima don dariya. Mushe Isaka ya tsaya da alli a hannu ya daɗe yana kallon ɓarnar, sannan ya ce mini da Hausa, shi da ke hukunta duk wanda ya yi Hausa a aji: "Ɗauki ubangidanki ki kai shi gida." Ni da Inna muka yi kwana biyu muna saƙa zana don gyaran bango. Daga ranar sunana ya koma Madam Kumandan, har 'yan ajin da ba su san sunana na yanka ba da shi suka san ni. A filin wasa in an kafa gaɗa ko carafke ni ba na cikin lissafi, domin da an tashi sai in ruga neman ciyawa ko tsintar gawo kafin awakin gari su riga ni.

Ranar da babu lakwal ita ce ranar wanka. Kaka yakan zauna a kan turmin da aka kifa, ya ce in kawo masa dokin kusa, ya bi jikinsa da tafin hannu tun daga wuya har gindin wutsiya. Hannun nan ya fi idona gani. Zai tsaya a wani wuri ya ce akwai kaska a nan, in duba in same ta ta lafe cikin gashi, in cire ta a hankali don kada kan ya karye a ciki, in shafa toka. Shi ya koya mini yadda ake jingina kafaɗa a jikin doki a zame hannu ƙasa har ya ɗaga ƙafa da kansa, a sa tsinken ƙarfe a ƙwaƙule tsakuwar da ta maƙale, domin ƙasarmu ta dutse ce, tsakuwa ɗaya tana iya gurgunta doki. A lokacin zafi in shafa wa kofatan man shanu don kada su tsage, Inna tana daga madafa tana cewa mu ba mu samu a tuwo ba amma ƙafar Kumandan ta samu. In wanke shi da sabulu da guntun buhu, in tsefe gezarsa da yatsu in cire ƙarangiya ɗaya-ɗaya, in goge shi har ɗigon jikinsa ya fito fes. Duk tsawon wannan aiki yana tsaye shiru kamar mutumin kirki. Da na ja baya ina duban aikina da daɗin rai, sai ya taka a natse zuwa inda Inna take zubar da toka, ya durƙusa, ya kwanta, ya yi birgima hagu da dama, ya tashi ya girgije a kaina. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Na taɓa ɗaukar kara zan zabga masa, Kaka ya ji motsin ya ce, "Aje shi. Wanda duk ya buge shi can baya, shi ya bar muna wanga hali. Kar ki ƙara mishi." Na ajiye, amma na shiga bayan rumbu na yi kuka na ƙoshi.

Cikin wata uku haƙarƙarinsa suka ɓace, gashinsa ya kwanta, Kaka ya ce lokacin hawa ya yi. Nan ma wani sabon babi ne. Da an aza sirdi aka zo jan majayi, igiyar nan da ke ratsa ƙarƙashin ciki, sai Kumandan ya shaƙi iska ya kumbura kamar salka. Ni ban sani ba, na ja iya ƙarfina na ɗaure. Kaka ya sa ƙafa a likkafa, dokin ya saki numfashi, sirdi ya juye, tsoho ya zube a ƙasa warwas a gaban mutanen da suka taru kallo. Allah ya kiyaye bai karye ba, amma ya yi mako yana ɗingishi, ni kuma na yi mako ina jin kamar ni na kayar da shi. Daga nan na koyi dabara: in ɗaure sako-sako, in ja shi mu zaga rumbu sau uku ina yi masa hira kamar ba komai, in ya shagala ya saki ciki sai in yi wuf in ƙara ja. Yakan waiwayo ya kai mini cizo a kafaɗa, ba mai zafi sosai ba, na nuna dai ya gane an cuce shi.

Da aka fara fita kuma sai babban halin ya bayyana. Duk inda Kumandan ya hangi maza uku ko huɗu zaune a gindin itace ko ƙofar gida, sai ya karkata ya nufe su, ya tsaya cak. Ja ba ya sa shi motsi, turi ba ya sa shi, lallashi ba ya sa shi. Sai ya gama tsayuwarsa, wani lokaci har inuwa ta gusa, sannan ya ga dama. Tunda Kaka ba ya ganin hanya, ni nake zama a gabansa ina riƙe da linzami, don haka ni ce mai shan kunya, ni ake tambaya ko lafiya muka tsaya musu a ka. Tafiyar da jaki zai yi kafin hantsi, mu sai azahar. Mun taɓa zuwa suna mun tarar har an wanke tukwane. Sai da muka je gaisuwar mutuwa Karofane asiri ya tonu. Muna shiga gari ya tsaya a gaban wasu dattawa, ɗaya daga cikinsu ya dube shi ya tuntsire da dariya, ya cire hula ya miƙo kai ya ce to a fara da shi. Ashe dokin wani wanzami ne na yankin da ya rasu, wanda ya shekara goma yana bin garuruwa da shi, duk inda ya ga taro ya sauka ya yi aski. Dattijon ya ce marigayin in ya gama yakan karkaɗa zabirarsa, jakar asakensa, ƙarafa su yi ƙara, dokin ya san an tashi. Muna dawowa gida na samo gwangwanin tumatir na zuba tsofaffin ƙusoshi na toshe da tsumma. Washegari da ya tsaya a gindin bagaruwar masu dara, Kaka ya yi sallama, na ƙirga goma a zuci na karkaɗa gwangwani. Kumandan ya ɗaga kunne, ya juya, ya kama hanya. Na kusa faɗowa don murna. A hankali na riƙa rage ƙirgar, daga goma zuwa biyar, daga biyar zuwa biyu, amma ban taɓa iya hana shi tsayawar gaba ɗaya ba. Sai an yi sallama, ko da gobara ake yi a gida.

Abin da ya gagare ni ƙwarai shi ne ruwa a ƙasa. Dokin da yake sa ni ɗaukar ruwa kamar baiwa, ba ya yarda ruwa ya taɓa masa kofato in ba wanka ba. Ɗan kududdufin da kaza za ta taka ta wuce, shi sai ya yi masa zobe. Daminar farko na yi ta kai shi bakin tafki, ina shiga gabansa, ina miƙa masa kanwa da gawo daga cikin ruwa, ina kiran sunansa da murya mai daɗi wadda ko ƙanwata ban taɓa yi wa ba. Zai miƙo wuya iya tsawonsa, ya karɓe abin da ke hannuna, ƙafafunsa huɗu suna kan busasshiyar ƙasa.

A daminar nan ne Baba ya dawo ya tarar da abin da aka yi da bijiminsa. Bai ɗaga murya ga mahaifinsa ba, amma bayan an gama shuka ya zauna da shi a zaure ya ce doki ba abin talaka ba ne, abin da yake ci zai riƙe shanu biyu, yarinya kuma karatunta yana lalacewa. Ina kawo musu fura sai Baba ya tambaye ni, ke mi kika ce? Ban ko yi tunani ba na ce a sayar, na gaji, tun da ya zo ban yi wasa ba, ban yi barcin safe ba, ni ba a haife ni don bautar dabba ba. Kaka ya juya fuskarsa wajen da yake jin muryata, ya gyaɗa kai, ya ajiye ludayi bai ƙara sha ba. Kwana uku bai nemi a ɗaura sirdi ba, ya zauna a zaure yana jin mutane suna wucewa zuwa kasuwa suna gaishe shi daga waje. A rana ta huɗu na kasa jurewa, na je na sami Baba a gona na ce a bar dokin zuwa kaka tukuna. Girbi ya zo ya wuce, Baba ya koma Abija, ba wanda ya sake tayar da maganar. Ni na ja wa kaina shekara ta biyu da bakina, kuma duk safiyar da ya kifar da kwatarniya sai na tuna da haka in ƙara jin haushi.

Ƙarshen aji na shida aka sa mana jarrabawar sartifika a Deule. Wanda ya ci zai wuce kwaleji a Buza, wanda ya faɗi a gidanmu kuwa an riga an gaya masa babu maimaitawa, gona da rijiya suna jira. Mushe Isaka ya kwashi 'yan aji tun jajibiri suka tafi su kwana can. Ni ban bi su ba, domin Baba bai riga ya dawo ba, Inna tana fama da zazzaɓi, Kumandan kuma ba ya karɓar ruwa a hannun kowa sai nawa. Kaka ya ce ba komai, da asuba zai kai ni a kan doki, kafin rana ta ɗaga mun isa. Ruwan farko mai ƙarfi ya zaɓi wannan daren ya sauka. Da muka fito gari ya yi wasai, ƙasa tana ƙamshi, na ɗaure takardar kirana zuwa jarrabawa da bik biyu na rubutu da 'yan ƙuli-ƙulin da Inna ta ba ni a cikin kallabi. Sau biyu ya tsaya gaida masu fita shuka, sau biyu na karkaɗa gwangwani ina cizon leɓe. Sai muka gangaro ƙoramar da ke tsakaninmu da Deule, wadda wata tara a shekara rairayi ce zalla, muka tarar da jan ruwa yana gudu daga gaɓa zuwa gaɓa.

Kaka ya karkata kai ya saurara, ya sa na jefa dutse a tsakiya, ya ce ruwan janyewa yake yi, ba zai wuce cinya ba. Kumandan kuwa ya tsaya taku uku daga bakin ruwa ya kafe. Na karkaɗa gwangwani har hannuna ya gaji. Na sauka na ja linzami. Na koma baya na tura. Na rufe masa ido da gefen zanena, ya girgiza kai ya yar. Na roƙe shi don Allah don Annabi, na tuna masa duk tulun da na ɗauko masa, duk bulalar da na sha dominsa. Rana tana hawa, inuwar gaɓa tana gajarcewa, ina jin kamar ina ganin ana raba takardu a can kujerata babu kowa. Daga nan na zage shi. Zagin da na ji a bakin rijiya ban taɓa maimaitawa ba, duk na juye masa a gaban kakana, Kaka kuma bai tsawata mini ba. Ya dai ce, "Tahi, Hasiya. Bi inda ruwa ya yi hwaɗi, kar ki dubi ƙasa. Ni da shi mu jira ki nan."

Na ɗora ƙullin kallabi a ka, na tattare zane, na shiga. Ruwan yana da sanyi, yana jan ƙafa, rairayi yana zamewa a ƙarƙashina. Ya kai gwiwa, ya kai cinya, a tsakiya ya kai ƙugu. Ina kuka ina tafiya, ban waiwaya ba. Can sai na ji facal-facal a bayana, na ji Kaka yana salati da ƙarfi, sai ga hucin nan mai ɗumi a ƙeyata. Kafin in juya an fizge ƙullin daga kaina. Daidai nan ƙafata ta faɗa wani rami, ruwa ya kai mini ƙirji, na kai hannu na damƙi abin da na samu, ashe gezarsa ce. Haka ya ja ni har gaɓa, Kaka a bayansa ya rungume sirdi, kallabina yana reto a bakinsa. Muna fita ya ajiye shi a ƙasa, ya kwance ƙullin kamar yadda ya saba, ya cinye ƙuli-ƙulin tas, ya haɗa da kusurwar takardata inda aka buga hatimi.

Mun isa an riga an rufe ƙofa. Ina tsaye jiƙe sharkaf da rabin takarda a hannu, mai tsaron jarrabawa, wani baƙo da aka turo daga Madawa, yana tambayata abin da ya sami hatimin. Na ce doki ne ya ci. Ya ɗaure fuska. Mushe Isaka, wanda tun safe yake safa da marwa a bakin hanya, ya matso ya ce masa da Faransanci ya yarda da yarinyar nan, shi ya san dokin, shi da kansa shaida ne. Aka bar ni na shiga. Na yi rubutu ruwa yana ɗiga daga zanena zuwa ƙasan tebur, ciki babu komai har la'asar. Na ci, ko da yake ba da wani babban sakamako ba.

Har Kaka ya bar duniya ba mu daina gardama a kan ranar nan ba. Shi ya ce dokin ya ji kukana ne ya kasa barina, shi da ke bisa bayansa ya ji yadda jikin dokin yake rawa kafin ya sa ƙafa. Ni kuma na ce ƙuli-ƙuli ya biyo, in ba haka ba me ya sa bai fara da ni ba sai da ƙulli? Abin da na sani dai, daga ranar bai sake taka ruwa ba, ko na kududdufi. Ina aji na biyu a kwaleji Kaka ya rasu. Da na zo hutu na tarar an cire turke, wani mutumin wajen Keita ya tafi da Kumandan. Abin da na yi shekara biyu ina roƙon Allah ya faru ke nan, amma ranar sai na yi ta tambayar Inna ko sun gaya wa mutumin halayensa, ko ya san ba a dukansa. Inna ta ce duk ta gaya masa, har ta raka su bakin gari. Ita da ta rantse ba za ta ko dube shi ba.

Yau ina koyarwa a wata lakwal a Madawa. Hanyar garinmu babura ne ke karakaina a kanta, saurayi ya ɗauki tsoho ya kai shi gaisuwa ya dawo da shi kafin shayi ya huce, ba mai tsayawa wani wuri sai in mai ya ƙare. A ajina akwai yaran da ba su taɓa ɗora hannu a wuyan doki ba. Na fi su wahala nesa ba kusa ba, ba kuma na fatan 'ya'yana su ɗanɗani irinta. Sai dai wani lokaci in na fito da safe na ga tsakar gidana fes, komai yana inda na bar shi jiya, babu wanda ya yi ɓarna, babu wanda ke jirana da fushi, sai in ji gidan ya yi mini faɗi da yawa. Ashe wahala ma ana kewarta.